Molon Labaran da Mataccen Batir

Labaran mai molo bai taɓa kaɗa abu ɗaya sau biyu ba, kuma wannan halin ne ya tashi cinye masa suna a kasuwar Talata Mafara.

Mutumin Tungar Dikko ne, wani ƙauye a bakin gulbi cikin ƙasar Maradun, wanda yau sai kifi ya san inda masallacinsa yake. Murya ba shi da ita. Tun yana saurayi wani ciwo ya kama masa maƙogwaro, in ya buɗe baki zai yi waƙa sai ka ce ana jan ƙyaure a kan tsakuwa. Saboda haka ya bar wa molo magana. Ba 'yan amshi, ba mai kalangu, shi kaɗai da tsirkiya uku. Kowane gida a tungar yana da takensa, wato ɗan gajeren kiɗan da in an ji an san wa ake nufi, kuma Labaran ya gaje su duka wajen ubansa. Amma shi ba ya jera su kamar tubali. Sai ya dubi fuskarka tukuna. In ka kwana lafiya takenka ya fito da tsalle, in an yi maka rashi ya fito yana ɗingishi. Gobe ka ce ya maimaita na jiya, ya ce maka jiya ta tafi da kayanta.

Shekarar da aikin dam ɗin Bakolori ya kusa ƙarewa, aka ce mutanen tungar su shirya tashi. Ana cikin haka Yakubu ya zo. Yakubu taubashin Labaran ne, direba a wajen masu aikin, yana tuƙa wani Bature ɗan Italiya mai awon ƙasa, wanda ake kira Mai-Gemu don ba wanda ya iya sunansa. Da hantsi suka tsaya gindin tsamiyar mashigin gari. Baturen ya ɗora rikoda a gaban mota, ya kunna, ya zauna cin burodi.

Labaran yana nan gindin tsamiyar yana gyaran tsirkiya. Ya ji wani kiɗa da bai taɓa ji ba. Ya ajiye abin da yake yi.

"Kai bawa," ya ce da Yakubu, "su nawa ne ka wanga kiɗi?"

"Mutum guda, bawan gidanmu."

"Ƙarya kake."

"Wallahi guda. Fiyano sunan abin, wani ƙaton akwati mai haƙora farare da baƙaƙe. Jaz suka ce ma kiɗin. Maigidana ya ce mutumin zama kawai yay yi gaban jama'a, bai shirya komi ba, abin da yaz zo ma hannunai shi yak kaɗa."

Labaran ya matso. Hannu ɗaya na mutumin yana riƙe da ƙasa, dum-dum kamar mata biyu a turmi, ɗayan kuma yana yawo inda ya ga dama. Can sai ka ji mai kiɗan yana gurnani shi kaɗai. A wani wuri ya yi tuntuɓe, Labaran ya ji sarai. Maimakon ya ɓoye, sai ya koma ya sake yin tuntuɓen, ya sake, har ya zama hanya ya bi ta ya wuce.

Labaran ya yi dariya, abin da ya kwana biyu bai yi ba. "Wanga bai san inda za shi ba, kuma bai jin tsoro. Ce ma maigidanka ɗan'uwana ne."

Da Yakubu ya juya maganar, Mai-Gemu ya dubi molon, ya ciro sabon kaset ya saka, ya nuna wa Labaran da hannu ya kaɗa.

Ranar nan Labaran bai dubi fuskar kowa ba, garin ya duba. Ya shiga da hannunsa daga mashigi, ya bi ta maƙera, ya gaida gidan mai gari, ya ratsa gidan Inna Kubura mai daddawa, gida gida, kowa da takensa. Da gidaje suka ƙare bai tsaya ba. Akwai maƙabarta bayan gari, kuma an riga an faɗa masu masu rai za a kwashe, na kwance sai dai haƙuri. Sai ya sassauta hannu. Ya shiga kiran taken waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai tafiya tsakanin kaburbura yana gudun ya taka. Uwarsa Adama. Bappa, mijin Inna Kubura. Duk wanda ya tuna. Bai taɓa yin kiɗa mai nauyin wannan ba. Ya dai lura wajen ƙarshe Baturen yana ɗan bubbuga rikodar yana tsaki, amma bai kula ba, ya ɗauka halin Turawa ne.

Ruwa ya zo. Aka kwashe su aka zube a kan tudu mai tsakuwa, inda ko gero sai ya yi shawara kafin ya fito. Mai-Gemu ya koma ƙasarsu, ya bar wa Yakubu kaset biyu, na fiyano da na Labaran. Labaran ba shi da rikoda, kuma yana fama da ginin ɗaki, bai ma tambaya ba. Shi kuwa Yakubu ya ɗauki na Labaran ya ara wa wani mai sai da kaset a Mafara, mai kaset ya buga ya yi ta bugawa yana sayarwa.

Sai bayan kusan shekara, wata Talata, Labaran ya rataya molonsa ya sauka kasuwa. Yana isa layin mahauta ya ji hannunsa yana fitowa daga wata rikoda. Ya tsaya cik. Ga mashigi, ga maƙera, ga gidan mai gari. Har idonsa ya kawo ruwa. Amma da kiɗan ya fita bayan gari sai ya fara sauri. Ya ƙara sauri, ya siranta, ya koma tsiri-tsiri kamar ana koran zabi. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe suka hau rawa. Wani ƙato mai jini har gwiwar hannu yana juya ƙugu a kan taken Adama.

"Ku kashe wanga abu!" Labaran ya daka tsawa da muryar nan tasa. "Kun san kan mi kuka rawa?"

Aka yi masa dariya. Wani ya ce, "Tsoho, in ba ka iya ba matsa. Gudun Sallau ke nan."

"Gudun wa?"

Aka nuna masa. Sallau wani makaɗi ne daga Bakura, dogo, mai babbar riga shuɗiya, yana zaune a kan tabarma kusa da rumfar Sarkin Fawa da molo a cinya. A faɗi gaskiya, yana da hannu. Ya sayi kaset ɗin ya kulle kansa da shi wata uku, ya haddace shi kaf kamar karatu. Har inda Labaran ya ɗan dakata ranar nan don ya kore ƙuda daga hancinsa, Sallau ma yakan dakata a nan, ya rufe ido, mutane su ce kai, ji hikima. Da aka fara cewa kaset ɗin nasa ne bai ce e ba, bai ce a'a ba. Daga baya ya fara cewa e.

Labaran ya tsaya a kansa ko sallama babu. "Kai ne kak kaɗa wanga?"

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya? Ya gida, ya iyali?"

"Bar iyalina. Kai ne kak kaɗa shi?"

"Jama'a dai sun sani."

"Ina anka ɗauke shi? Gindin wane icce? Taken wa ye wancan na ukku daga ƙarshe?"

Sallau ya gyara hula. "Kiɗi ai ba a tambaya tai takarda, Baba. Hannu ka shaida."

Hayaniya ta jawo Sarkin Fawa Ɗan Juma, mutum mai ƙiba da son a gama magana da wuri. Ya saurari kowa, ya ce abin ai mai sauƙi ne. Talata mai zuwa a zo nan, a kunna kaset, kowa ya kaɗa. Wanda nasa ya yi daidai da kaset shi ke da shi. Wanda ya kasa, kada a sake ganinsa da molo a wannan kasuwa.

"Ranka shi daɗe, ni ban maimaita kiɗi," in ji Labaran. "Kuma abin da ke ƙarshen can ba hakanan na yi shi ba. A hankali na yi shi."

Kasuwa ta fashe da dariya. Sarkin Fawa ya ce, "To ka ji. Naka ne, amma ba ka iya shi, kuma ba hakanan yake ba. Malam, ƙarfe dai bai ƙarya. Sai Talata."

Ƙarfe bai ƙarya! Wannan magana ita ta hana Labaran cin tuwo kwana biyu. An ci gonarsa ya yi shiru. An nutsar da ɗakin da aka haife shi ya yi shiru, don kowa ma an yi masa. Yanzu kuma ɗan abin da ya rage masa, hannunsa, an ce sai ya je ya ara wajen wani ɗan Bakura da akwatin roba. Kuma kasuwar Talata ita ce gonar da ta rage masa. Ya ɗauki molo ya gwada gudun nan a ɗaki, don dai ya gani. Yatsunsa suka ƙi. Ba don tsufa ba. Duk sanda ya kai kan taken uwarsa sai hannun ya tsaya kamar jaki a bakin rami.

Ran Juma'a ya tafi gidan Yakubu ya same shi a zaure.

"Kai ka sai da ni, bawa."

"Aro na ba da, wallahi. Har yau bai maido ba. Ni zan zo in shaida, gabana anka yi."

"Wa zai yarda da kai? Taubashina kake, kuma an san ka da ƙarya tun kana tsirara."

Yakubu ya jawo tsohuwar rikodarsa ya saka kaset ɗin fiyano, wai ko zuciya ta sauka. Kiɗan ya fito yana jan ƙafa, da kauri, kamar mai fiyanon ya sha kanwa ya ƙoshi.

"Mi yas samu ɗan'uwana?" in ji Labaran. "Ran nan ba hakanan yake ba."

"Batir ne yar raunana. In ya kusa mutuwa hakanan yaka jan abin."

Labaran ya matso kusa da rikodar. Ya daɗe yana kallon ƙafafun kaset ɗin nan biyu suna juyawa da ƙyar.

"Ran da maigidanka yad ɗauke ni, mi yassa shina bugun rikoda shina tsaki?"

"Batir ne ma. Muna komawa mota yac canza su."

"To tsaya. In mai auna hatsi ya gaji, ya auna maka da ƙaramin mudu, sa'annan wani yaz zo ya sake aunawa da babba, mi za a ce?"

"A ce hatsinka ya ragu."

"Hatsina bai ragu ba. Mudu ne anka canza." Ya miƙa hannu. "Ciro min waɗanga batura."

"Sun mutu fa."

"Su nika so."

Yakubu ya ce ba shi da tabbas abin zai yi, ga shi ba kaset ɗin a hannu balle a gwada. Labaran ya ce shi ma ba shi da tabbas, ya ƙulle batura huɗu a bakin rawani ya tafi.

Talata ta zo. Rana ta take, layin mahauta ya cika har masu awaki sun bar awakinsu. Mutanen Tungar Dikko ma da suka sauko cin kasuwa suna nan gefe, har da Inna Kubura da ƙwaryar daddawarta. Ita ta sha jin kaset ɗin a kasuwa. Farkonsa takan ce ya yi kama da na gida, amma gudun nan na ƙarshe ba ta taɓa jin komai a cikinsa ba sai hayaniya.

Aka kunna kaset, aka kashe. Sallau ya kaɗa. Ba a rage masa komai ba, ya yi shi daidai, har dakatawar ƙuda. Da ya kai gudun ya ja tsirkiya ya ɗaure ta tam, ya sunkuya, gumi na zuba, yatsu kamar za su karye. Aka yi ta shewa.

"Saura kai, Malam," in ji Sarkin Fawa.

Labaran bai taɓa molonsa ba. Ya kwance bakin rawani. "Ranka shi daɗe, ka ce ƙarfe bai ƙarya. To a ba ƙarfe abincin da yac ci ran da yaj ji ni, mu ji mi zai ce. A cire batir ɗinku a sa waɗanga. A kai kaset wajen gudun."

"Wagga wace irin rigima ce?" in ji Sallau. "Matattun batura fa!"

"Kai da kad daɗe kana ci da matattu, yau kake ƙyamarsu?"

Sarkin Fawa ya ce a saka, a huta. Aka saka. Aka danna. Rikodar ta yi ƙugi, ta yi kamar ba za ta tashi ba. Wani ya fara dariya. Sai ƙafafun suka juya, a hankali, sauti ya fito ƙasa-ƙasa, har sai da Sarkin Fawa ya ɗaga hannu a yi shiru.

Gudun ya tafi. Abin da ya rage molo ne mai nauyi, yana taku ɗaya ɗaya, yana tsayawa, yana ci gaba. Ba daidai yake da na gindin tsamiya ba, yana ɗan rawa kamar murya mai kuka, amma kowane take ya fito da fuskarsa.

Ƙwaryar Inna Kubura ta faɗi, daddawa ta watse.

"Bappa ne," ta ce. "Wanga Bappa ne. La ilaha illallahu." Ta matso tana nuna rikodar da yatsa. "Ga Adama. Ga Batulu ta gidan maƙera. Wagga maƙabartarmu ce, ku mutanen banza! Wata shida kuna taka rawa bisa mijina!"

Mutanen tungar suka matso, kowa yana kama nasa. Wani ya ji ubansa, wani ya ji ɗiyarsa. Ƙaton mahaucin nan mai juya ƙugu ya sunkuyar da kai yana goge hannu a riga, ya rasa inda zai sa ido. Rikodar ta ja, ta ja, ta mutu.

Sarkin Fawa ya juya wajen Sallau. "Kai mai kaset. Bayan Batulu wa ke biye?"

Sallau ya dubi rikodar da ta mutu. Can ya ce, "Ranka shi daɗe, ni abin da na ji shi na koya."

"Ka koyi gajiyar batir," in ji Labaran. "Wata ukku kana wahal da yatsunka kana kwaikwayon ƙarfe mai jin yunwa. Da ka zo ka tambaye ni da na gaya maka inda kat tsaya kana rufe ido, ƙuda ne na kora."

Dariyar da aka yi wannan karon ba a kan Labaran ta sauka ba. Sarkin Fawa ya ce magana ta ƙare, kaset na Labaran ne, Sallau ya naɗe tabarmarsa. Ya kuma ce duk mahaucin da ya sake rawa da ƙarshen kaset ɗin nan ya nemi wata rumfa.

"Bar shi ya zauna," in ji Labaran. "Shina da hannu, kunne ne ba shi da. Ya dai bar matattuna."

Sarkin Fawa ya gyara zama, ya sa aka kawo wa Labaran buzu. "To Malam, tunda naka ne, kaɗa muna shi yadda yake. Na gaskiyar. Daga farko har ƙarshe."

Labaran ya dube shi kamar ya kwaɗa masa molon. Duk wannan abin da aka yi, mutumin nan bai ji komai ba.

"Ranka shi daɗe, garin shina ƙarƙashin ruwa. Ta ina zan shiga?"

Ya zauna a kan buzun, ya ja tsirkiya, ya dubi Inna Kubura da ke durƙushe tana tsince daddawarta daga ƙasa tana hure mata yashi. Ya ɗauki takenta. Ya fito da faɗa, da ƙafa mai tsagewa irin ta wanda ya shekara yana taka tsakuwa, ba wanda ya taɓa jin sa haka. A tsakiya yatsansa ya zame. Ya koma ya sake zamewar, ya sake, ya bi ta nan ya wuce.

Mai sai da kaset ya kutso cikin mutane da rikodarsa a hammata, yana neman wurin ajiyewa. Labaran bai daina kiɗa ba. Ya miƙa ƙafa ya ture ta gefe.